Jirage sun yi yawa, ƙwararru sun yi kaɗan: tambayoyi da amsoshi kan faɗaɗa rundunar sojin ruwa cikin gaggawa

Duk lokacin da wata ƙasa ta ce za ta ninka jiragen ruwan yaƙinta, adadin jiragen da kuɗinsu ne ke fitowa a labarai. Maganar mutanen da za su yi aiki a cikinsu ba a cika jin ta ba sai an yi haɗari. Tambayoyin nan a kan wannan ɓangaren suke. Babban misalinmu Kanada ce ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda rundunarta ta ninku ninkin-ba-ninki cikin shekara 6, sai kuma Amurka da Ostareliya da Chaina na wannan zamani.

Ƙasar da ke da kuɗin sayen jirage, me zai hana ta samun masu aiki a ciki?

Lokaci. Ƙaramin jirgin rakiya akan ƙera shi cikin shekara guda ko ƙasa da haka, babba kuma cikin 'yan shekaru. Kurtu yakan gama horon farko cikin wata 2 zuwa 3. Amma hafsan da za a bar wa ɗakin tuƙi shi kaɗai da tsakar dare yana buƙatar shekara guda ko fiye a teku kafin a amince masa. Shugaban ɗakin injin, wanda da jin ƙarar famfo ya san akwai matsala, sai ya haura shekara 10 a aiki. Kwamandan babban jirgin yaƙi kuwa yawanci shekararsa 15 zuwa 20 da sa kaki.

Ke nan kurata ba su ne matsalar ba, don su ana samu. Inda ake cijewa shi ne masu matsakaicin muƙami, wato kwatankwacin kofur da saje da samanja a sojin ƙasa, da hafsoshin da ke riƙe da sassan jirgi. Waɗannan babu kasuwar da ake sayo su. Wanda ba a ɗauka aiki shekara 10 da suka wuce ba, yau babu shi.

Me ya faru da Kanada?

A watan Satumba na 1939 rundunar ruwan Kanada jiragenta 13 ne, 6 daga ciki ne kawai manyan jiragen yaƙi samfurin distiroya. Mutanenta, har da sojojin ko-ta-kwana, wajen 3,500 ne. Kafin 1945 sun kai kusan 95,000, jirage kuma sun haura 400.

A 1940 aka ba ma'aikatun ƙasar kwangilar ƙera ƙananan jiragen rakiya 64 da ake kira kobet. Tsawon kowanne mita 62 ne, gudunsa bai wuce kilomita 30 a awa ba. An tsara shi don mutum kusan 50, amma da aka yi ta ƙara makamai da na'urori sai da ya koma ɗaukar 85 zuwa sama. Jiragen suka riƙa fitowa da saurin da makarantu suka kasa bi. Kwamandojin farko yawanci tsofaffin matuƙan jiragen kasuwanci ne: sun san teku, ba su san yaƙi ba. Ƙananan hafsoshinsu samari ne da suka yi kwas na kusan wata 3. Sau da yawa kwamanda shi kaɗai ne mai takardar shaidar riƙe ɗakin tuƙi, don haka barcinsa rabi da rabi ne har a ƙetare teku. Cikin kuratan kuma akwai 'yan yankin noma na tsakiyar ƙasar da ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka kai su tashar jiragen ruwa ta Halifax.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A Satumban 1941 jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka auka wa ayari mai lamba SC 42 kusa da Girinlan. Jiragen kaya fiye da 60 ne, masu rakiya kuma 4 kacal, distiroya ɗaya da kobet 3. Kusan rubu'in ayarin ya nutse. A Disamban 1942 ayarin ONS 154 ya sake asarar jirage fiye da 10 a hannun 'yan rakiyar Kanada, kuma a farkon 1943 aka janye rukunonin Kanada daga tsakiyar Tekun Atilantika na ɗan lokaci don a sake horar da su, a kuma sabunta musu kayan aiki.

Ta yaya ƙarin jirage ke rage ƙwarewa, alhali mutane ƙaruwa suke yi?

Kowane sabon jirgi sai an sa masa tsofaffin hannu, kuma daga jiragen da ke aiki ake ciro su. Jirgin da ya yi wata 6 yana sintiri, mutanensa sun fara sanin juna, sai ya dawo tasha a ɗebe masa mai kula da tukunyar tururi da mai sauraron ƙarƙashin ruwa da hafsa ɗaya, a cike gurbinsu da sababbi. Tsohon jirgin ya koma baya, sabon bai kai ba. Haka Kanada ta riƙa yi a 1941 da 1942. Abin kamar ɗan tsohon nonon da ake zuba wa madara ne don ta kama: idan ƙwaryar ta yi girma, nonon ya yi kaɗan, ba za ta kama ba.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan ɓoyuwa. Mutumin da ya fi cancanta ya koyar a makaranta shi ne kuma wanda jirage ke kuka da rashinsa. A bar shi a teku, makaranta ta yaye ɗalibai marasa ƙwari. A kawo shi makaranta, wani jirgi ya fita da giɓi. Shugabanni kusan kullum teku suke zaɓa, don asarar yau ana ganin ta, ta baɗi kuwa ba a gani. A ganinmu wannan zaɓin ne ya fi jawo wa runduna doguwar wahala.

Ta uku ita ce ƙarin girma kafin lokaci. Gurbi ya buɗe, dole a cike shi, sai a ɗaga wanda bai gama nuna ba. Shi kuma gobe shi zai sa hannu a takardar cancantar na ƙasa da shi, abin da bai sani ba kuwa ba zai tambaye su ba.

Jirgi ɗaya mutum nawa yake ci a zahiri?

Ya fi adadin gadajen da ke cikinsa nesa. Jirgi a teku ba ya rufe aiki, don haka akan raba ma'aikata kashi 3 su riƙa karɓar duti. Duk kujerar da dole a samu mutum a kanta dare da rana, mutum 3 take ci. Bayan su akwai masu girki, masu jinya, masu gyara, da masu kula da sito.

Sai lissafin tudu. A ɗauka, don misali, jirgi na buƙatar mutum 200. A kowane lokaci wasu na kwas, wasu na hutu, wasu ba su da lafiya, wasu kuma sun gama zangonsu na teku sun koma aikin tudu, don babu wanda zai yi shekara 20 cur a kan ruwa. Akwai malamai, ma'aikatan wurin gyaran jirage, da ofisoshin albashi da kaya. Mai tsara kasafin da ya ninka 200 da adadin sababbin jirage ya tsaya nan, ya bar babban kaso a waje. Kuma jimilla kan yaudari mutum: jirgi zai iya samun 190 cikin 200 amma ya kasa fita, idan 10 ɗin da suka rage su ne masu gyaran rada da injiniyoyin lantarki.

Wane tsari ake bi wajen haɗa ma'aikatan sabon jirgi?

Tsarin da Amurka ta bi tun lokacin yaƙin, wanda har yau ake amfani da irinsa, kashi biyu yake raba mutanen. Kashi na farko 'yan ƙalilan ne, ƙwararru: babban injiniya, shugabannin sassa, masu kula da makamai da lantarki. Su akan tura ma'aikatar ƙira tun jirgin bai ƙaru ba, su bi kowane bututu da waya da idonsu kafin a rufe bango, su halarci gwajin injina, su rubuta ƙa'idojin aiki na jirgin. Kashi na biyu, mafi yawa, suna can cibiyar horo suna koyon kashe gobara, toshe ɓaraka, da aikin sassansu.

Idan jirgi ya kusa kammala sai a haɗe su, su tare a ciki. Kafin a kwance igiya akan yi kwanaki ana gudanar da jirgin kamar yana tsakiyar teku alhali yana ɗaure a tasha: ana karɓar duti, ana buga ƙararrawar gobara, ana katse wuta da gangan. Bayan nan gwajin teku, sannan atisayen haɗa kai, sannan a koma ma'aikata a gyara abin da ya ɓullo.

Inda aka fi yin tuntuɓe: kashi na farko ya iso a makare don jiragen da ke aiki sun ƙi sakin mutanensu, ko kuma ƙirar jirgin ta yi jinkiri har wa'adin wasu ya cika, aka canja musu wurin aiki kafin jirgin ya taɓa ruwa. Duk abin da suka koya ya tafi da su.

Tun da kowa ya ci jarrabawarsa, mene ne amfanin atisayen haɗa kai?

Ƙwararru 85 ba su zama ma'aikatan jirgi ba sai sun yi aiki tare cikin matsi. Farautar jirgin ƙarƙashin ruwa a wancan zamani sarƙa ce: mai sauraro ya ji motsi ya faɗi nisa da kusurwa, mai zana taswira ya fitar da alƙiblar abokin gaba, kwamanda ya ba da umarnin juyawa, ɗakin injin ya ƙara wuta, mutanen bayan jirgi su saita zurfin da bam zai fashe su sake shi a daidai daƙiƙar. Mutum ɗaya ya yi jinkiri kaɗan, bam ya fashe a inda babu kowa.

Birtaniya ta gane haka da wuri. A 1940 ta buɗe sansani a Tobermory da ke yammacin Sikotilan, a ƙarƙashin Gilbert Stephenson, tsohon hafsan da aka dawo da shi daga ritaya yana da shekara sama da 60. Kowane sabon jirgin rakiya yakan yi mako 2 zuwa 3 a hannunsa, ana jefo masa matsaloli ba sanarwa, dare ko rana, kuma hafsan da ya gaza akan sauke shi. Jirage fiye da 900 suka bi ta wurin. Kanada ba ta samu wuri mai kama da wannan ba sai 1944, da ta buɗe sansani a tsibirin Bamuda, inda yanayi ke barin a yi atisaye duk shekara. Gabar Halifax da hunturu hazo ne da ƙanƙara.

Abin lura a labarin SC 42: jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-501 da aka nutsar a wannan faɗa, kobet biyu ne suka nutsar da shi, Chambly da Moose Jaw, waɗanda Kwamanda Prentice ya fita da su atisaye daga tsibirin Niyufanlan, suka garzayo ɗauki.

Har yau rundunar Birtaniya na yin irin wannan a Plymouth. Jirgi kan yi kusan mako 6 a hannun masu duba, ana gwada shi da yaƙin kwaikwayo duk ranar Alhamis, kuma ƙasashe da dama kan turo jiragensu.

To duk laifin rashin horo ne a batun Kanada?

A'a, kuma adalci ne a faɗa. Ayarin da ke tafiyar hawainiya aka fi ba su, wanda ya fi daɗewa a yankin haɗari. Distiroyoyinsu kaɗan ne. Radarsu ƙirar gida ba ta iya hango jirgin ƙarƙashin ruwa da ya ɗago kai da dare kamar samfurin 271 na Birtaniya, kuma kobet ɗinsu da kamfas na maganaɗisu suke aiki, wanda ke rawa idan teku ta tashi. Sai dai wannan ma komawa yake ga mutane: hedikwata a Ottawa ba ta da isassun hafsoshin fasaha da za su bi sauye-sauyen kayan yaƙi, ma'aikatun gyara kuma sun cika da ƙirar sababbin jirage. Rigimar kayan aikin ce ta ci kujerar shugaban rundunar, Percy Nelles, a Janairun 1944.

Ba za a iya gajarta horo ba, ko a mayar da shi kan kwamfuta?

Ana iya gajarta wani, kamar faretin kurata da darussan da ba su shafi aikin mutum kai tsaye ba. Rarraba sana'a ƙanana-ƙanana ma na taimakawa: maimakon a koya wa mutum duk na'urorin jirgi, a koya masa guda ɗaya ya iya ta sosai. Da haka Amurka ta kai mutum sama da miliyan 3 a rundunar ruwanta a 1945.

Abin da ba ya gajartuwa shi ne sa'o'in da hafsa ke yi a ɗakin tuƙi a gaban wanda ya fi shi sani. A 2003 Amurka ta rufe kwas ɗin watanni da sababbin hafsoshin jiragen saman ruwa ke yi, ta ba su faya-fayan CD su koya a cikin jirgi, ga kuma aikin yau da kullum a kansu. Sauri ya haifi nawa, don a 2012 sai da aka dawo da kwas a aji.

A 2017, lokacin da aiki ya yi wa jiragenta da ke Japan yawa, aka yi karo biyu cikin wata 3. Ranar 17 ga Yuni jirgin yaƙi Fitzgerald ya yi karo da jirgin kwantena kusa da Japan, sojoji 7 suka mutu. Masu duti a ɗakin tuƙi da na ɗakin rada ba su yi magana da juna yadda ya kamata ba, kuma ba a tashi kwamanda ba. Ranar 21 ga Agusta jirgin yaƙi John S. McCain ya yi karo da tankar mai kusa da Singafo, 10 suka mutu. A nan kwamanda ya ce a raba aikin sitiyari da na maƙurar injin tsakanin mutum biyu. Wajen yin haka a allon taɓawa sai sitiyarin ma ya koma ɗaya kujerar ba wanda ya lura, aka ɗauka ya lalace. Da aka ce a rage gudu, farfela ɗaya ce kawai ta rage, jirgin ya karkata ya shiga gaban tankar. Wasu daga masu dutin aro su aka yi daga wani jirgi mai tsarin tuƙi daban. Binciken hukumar binciken kuɗi ta majalisar Amurka ya nuna cewa a tsakiyar shekarar kashi 37 cikin 100 na takardun shaidar ƙwarewar yaƙi na irin waɗannan jirage da ke Japan sun riga sun ƙare aiki.

Na'urar kwaikwayon tuƙi tana da amfani ƙwarai, musamman don maimaita abin da ba a so a gwada da jirgin gaske. Ƙari ce a kan teku, ba madadinta ba.

Jiragen zamani ai ba sa buƙatar mutane da yawa?

Na'ura na rage masu lura da allo, amma ba ta riƙe tiyon kashe gobara na awa 10, ba ta kankare tsatsa. Amurka ta tsara ƙananan jiragenta na yaƙin gaɓa da mutum 40, daga baya dole ta ƙara zuwa 50 saboda gajiya. Kuma ƙaramar tawaga manyan ƙwararru take buƙata, kowa da sana'a biyu ko uku, wato ainihin mutanen da suka yi ƙaranci. Gurbin koyo ma yakan ɓace, don babu gadon da za a ba ɗan koyo.

Me ya sa jiragen ƙarƙashin ruwa suka fi wuya?

A ciki kuskuren mutum ɗaya kan kashe kowa, shi ya sa duk wanda ke ciki, har mai girki, sai ya san manyan bawul-bawul da hanyoyin ceto kafin a ba shi bajo. Mai injin nukiliya ya fi tsanani. A Amurka hafsa kan yi wata 6 a makarantar nukiliya da ke Charleston, ya ƙara wata 6 yana aiki da injin gaske na horo, sannan kwas ɗin jirgin ƙarƙashin ruwa a Groton, kafin ya fara neman cancanta a cikin jirgi. Birtaniya kuma tana da kwas ɗin kwamandoji tun 1917 wanda duk wanda ya faɗi, ya bar aikin ƙarƙashin ruwa ke nan.

Ostareliya ta ɗanɗana. Tana da jirage 6 samfurin Collins, amma wajen 2008 mutanen da take da su na kusan 3 ne kawai. Sansaninsu na kusa da Perth, kamfanonin haƙar ma'adinai na yammacin ƙasar kuma suna biyan masu gyaran inji albashin da soja ba zai iya ba. Cikin gyaran da aka yi har da ƙara ma'aikatan kowane jirgi zuwa 58 don nauyi ya ragu. Yanzu da take shirin karɓar jiragen nukiliya samfurin Virginia a farkon shekarun 2030 ƙarƙashin yarjejeniyar tsaro ta AUKUS da ta ƙulla da Amurka da Birtaniya, tuni ta fara tura mutanenta makarantu da jiragen Amurka da Birtaniya, kusan shekara 10 kafin jirgin farko ya iso. Daidai ke nan.

Chaina fa, da ta fi kowa yawan jirage yanzu?

Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta jiragen yaƙinta sun haura 370. Mutane ba su yi mata kaɗan ba, amma kurtun da aka ɗauka aikin dole shekara 2 yake yi, lokacin da ya fara zama mai amfani a jirgi mai sarƙaƙƙiyar na'ura wa'adinsa ya zo ƙarshe. Don haka take ƙoƙarin riƙe su su zama masu igiya, tana kuma jawo waɗanda suka gama jami'a. A jirage masu ɗaukar jiragen sama ta fara ne daga babu: na farkonsu, Liaoning, ya shiga aiki a Satumban 2012, jirgin sama ya fara sauka a kansa a Nuwamban shekarar, Shandong ya biyo a 2019. Shekarun farko na Liaoning kusan makaranta ya zama, daga cikinsa aka samo tsofaffin hannun da suka tayar da na biyu.

Sayen jirage daga ƙasashe daban-daban na ƙara wahalar horo?

Sosai. Rundunar ruwan Najeriya misali ce: jirginta Aradu ƙirar Jamus ne, Thunder tsohon jirgin tsaron gaɓar Amurka ne, Centenary da Unity daga Chaina, Lana daga Faransa, Kada kuma ƙirar kamfanin Damen na Holan. Kowanne da injinsa, tsarin lantarkinsa, littattafansa da kayan gyaransa. Makanikin da ya ƙware a ɗaya ba za a ɗauke shi yau a sa shi a ɗayan ya kama aiki gobe ba. Kamfani kan horar da tawagar farko da ta je karɓo jirgi, amma bayan 'yan shekaru an yi musu canji. Abin da ya kamata ya shiga kwangila tun farko shi ne horar da malamai, da kwafin na'urorin da za a kafa a makarantu irin ta injiniyoyi da ke Sapele, da littattafan gyara cikin harshen da makanikai ke karantawa.

Wace alama ke nuna faɗaɗawa ta fi ƙarfin horo?

Ta farko aron mutane: duk jirgin da zai fita sai an ɗebo masa ma'aikata daga wanda ke tasha. Ta biyu yawan ɗage wa'adin takardun cancanta da sunan aiki ya yi yawa. Sai kujerun malamai da aka bari babu kowa, da kwasa-kwasan da ake yanke wa makonni, da jiragen da aka karɓa da biki amma suka yi watanni a ɗaure.

A duba jadawalin duti ma. Tsarin awa 5 a aiki, awa 10 a sauke, yana juya wa mutum lokacin barci kullum, kuma awa 10 ɗin a ciki ake gyara da atisaye. Bayan haɗurran 2017 Amurka ta umarci jiragenta su koma jadawalin da mutum zai riƙa barci a lokaci guda kowace rana, irin awa 3 a aiki, 9 a sauke. Wannan kuwa sai da ƙwararru 4 a kowace kujera maimakon 3, don haka jirgin da bai da su ba zai iya bin umarnin ba ko ya so.

Ta ƙarshe ita ce masu shekara 6 zuwa 10 a aiki da ke ajiye kaki. Giɓi na sa waɗanda suka rage su daɗe a teku, daɗewar na sa iyali su gaji, wasu su ƙara tafiya. Alawus na riƙe wasu, amma abin da ya fi tasiri shi ne mutum ya san ranar fitarsa da ranar dawowarsa, kuma a cika masa alƙawarin zangon tudu idan lokacinsa ya yi.